Ƙwarewa a Sashen Kulawa ta Musamman: Ta Wace Ƙofa Likitan Kebbi ko Zamfara Zai Shiga?

Likitan da ya kammala shekarar sanin makamar aiki, ya yi wa ƙasa hidima, sannan ya ji ransa ya kwanta da aikin ceto majinyatan da ke tsakanin rai da mutuwa, abu na farko da zai gano shi ne a Najeriya babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa kai tsaye a ce masa ga horon kulawa ta musamman, bismilla. Sai dai ya bi ta wani fanni daban, ya shekara biyar ko shida a cikinsa, kafin a damƙa masa sashen da kowa ya sani da ICU. Hanyoyin da ke gaban ɗan Kebbi ko Zamfara su ne fannin sa barci, wato na likitocin da ke sa majinyaci barci lokacin tiyata, ko fannin cututtukan manya ko na yara, duka a nan gida Najeriya, ko kuma fita ƙasar waje, walau tun daga farko ko bayan an gama na gida. Sun bambanta a tsada da tsawon lokaci, amma babban bambancinsu shi ne ba likita iri ɗaya suke fitarwa ba.

Kafin a auna su, ya kamata a dubi wanda zai kwanta a kan gadon, domin shi ne ma'aunin. A Gusau ko Birnin Kebbi, a Talata Mafara ko Yauri, majinyacin da ke bakin mutuwa yawanci ba tsoho ba ne. Yarinya ce mai cikin fari da jijjiga ta kama, ko matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa aka ɗauko ta daga ƙauye a bayan a-kori-kura; matashi ne da harsashin 'yan bindiga ya ratsa cikinsa, ko haɗarin mota ya fasa masa kai; yaro ne da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ƙwaƙwalwa, ko manomin da maciji ya sara ya kwana biyu ana yi masa na gida. A kan wannan sai a ɗora annobar da ke faɗowa lokaci-lokaci, irin sanƙarau ɗin da ya faro daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya bazu a 2017, da wanda ya tashi a yankin Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025, da gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010. Akasarin waɗannan mutane a makare suke isowa, amma ciwon da yawa daga cikinsu mai warkewa ne in har aka samu wanda zai riƙe musu numfashi da gudun jini na kwana biyu ko uku. Wanda ke kwance a ICU a Turai kuwa sau da yawa dattijo ne mai cututtuka uku ko huɗu da suka daɗe a jikinsa, ko wanda aka yi wa babbar tiyatar zuciya ko ta ciwon daji.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mai zaɓi ya sani tun yanzu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2025, wanda aka gudanar a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya nuna cewa ɗaya cikin kowane manya takwas da ke kwance a asibiti yana cikin mawuyacin hali, ɗaya cikin biyar na waɗannan yana rasuwa cikin mako guda, kuma mafi yawansu a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke, ba a ICU ba. Ke nan ƙwararren da zai yi amfani a yankinmu ba a kan gadaje huɗu ko shida na sashensa aikinsa zai tsaya ba. Rabin aikinsa zai kasance a ɗakin haihuwa da sashen gaggawa, yana koya wa ma'aikatan jinya da ƙananan likitoci yadda za su gane wanda jikinsa ke rikicewa tun bai kai ga na'ura ba.

Hanyar sa barci ita ce daɗaɗɗiya, kuma ba haka kawai ta zama haka ba. A 1952, lokacin da cutar shan inna ta mamaye birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, yara suna mutuwa saboda sun kasa numfashi, wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ne ya ba da shawarar a huda maƙogwaron majinyaci a riƙa hura masa iska da jakar roba. Ɗaliban likitanci suka riƙa matsa jakar da hannu dare da rana, suna karɓar juna, kuma yawan mutuwar ya sauko daga sama da kashi 80 cikin 100 zuwa kusan kashi 40. Daga nan aka haifi sashen kulawa ta musamman, kuma har yau a Najeriya makullinsa a hannun sashen sa barci yake a kusan dukan asibitocin koyarwa. Wannan matsa jaka da hannu ba tarihi ba ne a wurinmu: duk wanda ya yi kwanan aiki a ICU a ƙasar nan ya san daren da wuta ta ɗauke, janareta ya yi jinkiri, aka koma ga jakar.

Wanda ya zaɓi wannan hanya zai yi rajista da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda fannin sa barci ke ƙarƙashinta. Da yawa sukan haɗa duka biyun don in an faɗi a nan a ci a can. Matakan uku ne: jarrabawar share fage, wadda ta ƙunshi ilimin aikin gaɓoɓin jiki da na magunguna da na yadda na'urori ke aiki, sai jarrabawar kashi na ɗaya bayan shekarun farko, sai ta kashi na biyu wadda ke tafe da kundin bincike. Ana zama sau biyu a shekara. A takarda shekara biyar zuwa shida ne, amma yajin aiki, da faɗuwa jarrabawa, da jinkirin amincewa da taken bincike sukan ƙara shekara ɗaya ko biyu.

Abin da wannan horo ke bai wa mutum, wanda ba a samunsa haka a ko'ina cikin fannonin gida, shi ne hannu. Kafin ya cika shekara biyu ya zura bututun numfashi a maƙogwaro sau ɗaruruwa, ya yi allurar baya ga mata masu haihuwa ta tiyata har ta zame masa jiki, ya saba da neman jijiya a jikin wanda jininsa ya ƙare, ya san yadda ake ɗaga bugun jinin da ya faɗi da maganin adaranalin da 'yan'uwansa. Na'urar numfashi ba ta ba shi tsoro, domin kullum yana tare da irinta a ɗakin tiyata. Shi ake kira da tsakar dare in mai jijjiga ta daina numfashi, kuma shi ne ya san yadda ake ɗaukar wanda ke kan bututu a motar asibiti. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san cewa daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kimanin kilomita 150 ne, daga Gusau kuma sama da 200, balle mai tasowa daga Zuru ko Yauri. Waɗanda suka bi wannan hanya sukan ce an sakar musu ragama da wuri, kuma gaskiya ne, sai dai dalilin ba na farin ciki ba ne. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta sa mizanin aƙalla ƙwararru biyar ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ko ɗaya ba ta kai ba. Ƙarancin manya yana sa ƙarami ya yi ƙarfin hali da wuri, yana kuma sa ya ɗauki wasu kurakurai ya riƙe su shekaru ba wanda ya gyara masa.

Rauninta a fili yake. Mafi yawan lokacin mai neman ƙwarewa a ɗakin tiyata yake ƙarewa, zaman ICU kuwa 'yan watanni ne da ake zagayowa kansu. Likitan sa barci ya saba tunanin awa biyu ko uku, daga lokacin da aka kwantar da mutum zuwa lokacin da ya farka, alhali majinyacin ICU na iya mako uku, kuma tambayoyinsa daban ne: wane maganin ƙwayoyin cuta za a canza zuwa gare shi a rana ta biyar, me ya sa fitsari ya ragu, ta yaya za a ciyar da wanda ba ya haɗiya, yaushe za a fara yaye shi daga na'ura. A asibitoci da dama kuma majinyacin yana nan a hannun likitan tiyata ko na cututtukan manya da ya kawo shi, likitan sa barci na'urar kawai yake tsaro, don haka ba ya samun damar jan ragamar jinyar gaba ɗaya. Ga kuma giɓin da ke tsakanin littafi da gado. Mutum zai haddace yadda ake fassara gwajin iskar jini don jarrabawa, amma ya yi watanni na'urar gwajin ba ta da sinadarin aiki, ko iyalan majinyacin ba su da kuɗin maimaita shi sau uku a rana. Wanda zuciyarsa ke son godiyar jama'a ma ya sani cewa wanda ya yi yankan ake yi wa godiya, ba wanda ya tsare numfashin ba.

Fannin cututtukan manya, wanda likitoci ke kira medisin, yana ƙarƙashin kwalejin ƙasa ɗin nan da kuma Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1976, tsawon lokacinsa da matakansa kuma kusan ɗaya ne da na sa barci. Ƙarfinsa yana daidai inda waccan hanya ke da rauni. Wanda ya yi shekaru yana zagayen ɗakin kwanciya yana bin ciwon suga da ya rikice, da ƙodar da ta tsaya, da zuciyar da ta kumbura bayan haihuwa, wadda ta yi yawa ƙwarai a ƙasar Hausa, ya koyi neman asalin ciwo da haƙurin bin majinyaci kwana da kwanaki. In ya ƙware a fannin huhu ko ƙoda ko zuciya, zai shigo ICU da ilimin da sashen ke matuƙar buƙata, musamman wankin ƙoda da hoton zuciya. A Amurka ma mafi yawan masu riƙe da ICU na manya daga fannin huhu suka fito. Amma a nan gida matsala biyu ke jiransa. Ta farko ita ce hannu, domin yana iya gama horonsa kaf bai zura bututun numfashi fiye da a ƙirga da yatsu ba, kuma wannan ba aikin da ake koya daga littafi ba ne. Ta biyu ita ce tsarin asibiti: sashen ba nasa ba ne, baƙo ne a cikinsa, ga kuma layin masu hawan jini da ciwon suga da ke jiransa a sashen masu zuwa ganin likita su koma gida kowane mako. Ba tare da ƙarin horo na shekara ɗaya ko biyu a wata ƙasa ba, da wuya ya zama mai riƙe da ICU. Zai dai zama wanda ake kira ya ba da shawara.

Fannin yara ya cancanci a ambace shi ko da a taƙaice, domin a jihohin nan biyu yaran da ke cikin mawuyacin hali sun fi gaban a ƙirga, kamar yadda cibiyoyin tamowa na ƙungiyar likitoci ta MSF a Shinkafi da Zurmi da Maiyama ke shaidawa duk damina. Wanda zuciyarsa ke wurin yara kada ya yi zaton fannin sa barci zai maye masa gurbin horon yara.

Duk wanda zai yi horonsa a gida, abin da ya fi sunan asibiti muhimmanci shi ne izinin horarwa da kwaleji ke bai wa asibitin. Izinin na sashe-sashe ne, yana da wa'adi, wani cikakke ne wani kuma na rabi, inda dole a tura mutum wani asibitin ya cika watannin da suka rage. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau suna horar da masu neman ƙwarewa a wasu fannoni, manyan cibiyoyin da ke kusa kuma su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Aminu Kano. Kafin mutum ya karɓi gurbi a ko'ina, ya tambayi kwalejin da kanta matsayin sashen a wannan shekarar, sannan ya je ya ga ICU ɗin da idonsa, ya ƙirga gadajen da ake kwantar da mutane a kai da na'urorin da ke aiki, ba waɗanda aka lulluɓe da zani ba, ya kuma tambayi masu neman ƙwarewar da ke wurin sau nawa babban likita ke zagayawa da su. Ta fuskar kuɗi, dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017 ta tanadi asusun da ke biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai, ko da yake jinkirin biyansa na cikin abubuwan da suka sha jawo yajin aikin NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa. Likitan da ma'aikatar lafiya ta jiha ta ɗauki nauyinsa kuwa sai ya bincika ko tsarin ya shafe shi, domin ba kowace jiha ce ta ɗauke shi ba.

Sai batun fita waje, wanda a zahiri abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Akwai mai fita ya fara daga tushe, akwai mai gama na gida ya je ƙari.

Birtaniya ce ta fi jan matasanmu, kuma a can kulawa ta musamman fanni ne mai cin gashin kansa. An kafa tsangayarsa a 2010, kuma tun 2012 mutum na iya ƙwarewa a kansa shi kaɗai. Amma hanyar tana da tsawo. Sai an ci jarrabawar Turanci, an ci kashi na farko na PLAB, jarrabawar samun lasisin aikin likita a can, wanda ake iya rubutawa a Najeriya, an je Manchesta an ci na biyu, an samu rajista. Daga nan mafi yawan 'yan Najeriya sukan fara da aikin da ba na horo ba, su shekara ɗaya ko biyu suna tara shaidar ƙwarewa, sannan su nemi horon tushe na shekara biyu zuwa uku a fannin sa barci ko medisin ko gaggawa, sannan su sake shiga takara don babban horon na shekara biyar. Masu haɗa shi da sa barci sukan kwashe kimanin shekara takwas da rabi. Takarar ta yi tsanani a 'yan shekarun nan, kuma a 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyarta ta fifita waɗanda suka yi karatun likitanci a can wurin raba guraben horo.

Wanda ya samu shiga, horon da zai samu ba a jayayya a kan ingancinsa. Duk majinyacin da ke kan na'urar numfashi yana da ma'aikacin jinya guda nasa shi kaɗai. Babban likita yana zagaye kullum, ana tattauna duk wanda ya rasu don a gano inda aka yi kuskure, ana rubuta kowane aikin da mai koyo ya yi a kuma sa hannu. Matsakaicin lokacin aiki awa 48 ne a mako, akwai kuma damar yin horon a hankali ga mai shayarwa ko mai ƙananan yara, abin da likitoci mata ke gani da daraja, domin kwanan aiki a gida ba ya duba wannan. Wahalarsa ta wani fanni ce: ana sauya wa mutum asibiti duk wata shida ko shekara, wani lokaci garin ma ya canza, ga kaɗaici, ga azumin da ke yin tsawo in ya faɗo a lokacin bazararsu, ga komawa ƙaramin likita bayan mutum ya riƙe babban asibitin ƙaramar hukuma shi kaɗai a gida.

Tambayar da ta shafi mai niyyar dawowa ita ce me wannan horo zai yi masa a Gusau. Zai dawo da tsari da tsafta da sanin ya kamata a aiki, waɗanda sassanmu ke ƙishirwarsu. Amma yana iya gama shekara takwas bai ga mai tetanus ko wanda kububuwa ta sara ba, kuma ya saba da cewa duk gwajin da ya nema yana fitowa cikin sa'a guda ba tare da an tambayi kowa kuɗi ba. Kamar wanda ya koyi tuƙi a kan kwalta ne aka miƙa masa mota aka ce ya shiga hanyar Ɗansadau da damina: ya iya tuƙin, amma sai ya sake koyo. Sannan a faɗi gaskiya, bayan shekara goma, yara sun shiga makaranta, an ci bashin gida, albashi na shigowa da fam, kaɗan ne ke tattara kaya su dawo. Ba na ganin laifin kowa a kan haka, amma mai zaɓar wannan hanya ya san cewa ƙasar zama yake zaɓa, ba wurin karatu kawai ba. Amurka ma haka take, sai dai ta fi tsada a shiga: jarrabawar lasisi ta USMLE mai matakai uku, shekara uku a medisin, sannan biyu ko uku na ƙwarewa a ICU.

Fita bayan an gama na gida lissafi ne daban, kuma ita ce ta fi kwanta mini a rai. Mutum ya tafi da hannunsa a goge, ya san ainihin abin da ya rasa, kuma ya bar kujera da iyali da ke jiransa. Birtaniya kanta ta yi shekaru tana gudanar da shirin MTI, wanda ya riƙa bai wa likitocin ƙasashe irin namu gurbin horo da albashi na tsawon da bai wuce wata 24 ba, da sharaɗin komawa gida, sai dai a bincika ko har yanzu ana karɓar masu nema. Afirka ta Kudu tana ba da takardar ƙwarewa a kulawa ta musamman bayan shekara biyu ga wanda ya riga ya ƙware a wani fanni, kuma asibitoci irin su Chris Hani Baragwanath a Soweto da Groote Schuur a Kef Tawun suna ganin raunin harsashi da wuƙa, da tarin fuka, da matsalolin haihuwa, suna kuma fama da ƙarancin gadaje, wato dole a zaɓi wanda za a kwantar, kamar dai a gida. Illarta ita ce baƙo yawanci ba a biyansa albashi, sai ya zo da mai ɗaukar nauyinsa, rajista da hukumar likitocinsu kuma tana cin lokaci. Indiya tana da yawan majinyata da cututtuka masu kama da namu, irin su saran maciji da shan maganin ƙwari, rayuwa kuma ta fi sauƙi, sai dai a tabbatar tun kafin a biya kuɗi cewa za a bar mutum ya taɓa majinyaci, domin wasu guraben na 'yan kallo ne kawai. A kuma tambayi MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, ko za ta yi rajistar takardar da za a dawo da ita. Saudiyya kuwa, inda likitocinmu da yawa ke tafiya, galibi wurin aiki ne da tara abin hannu, ba wurin samun takardar ƙwarewa ba.

Akwai wani ɓangare na wannan aiki da babu kwalejin da ke koyar da shi yadda ya kamata, kuma a nan ne horon gida da na waje suka fi rabuwa. A Birtaniya cire na'ura daga wanda aka tabbatar ba zai tashi ba abu ne na yau da kullum, yana da ƙa'idoji rubutattu, ana kuma koya wa likita yadda zai zauna da iyali ya yi musu bayani. A wurinmu maganar tana da nauyi, kuma likitoci da yawa ba su san cewa malamai sun daɗe da tattauna ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta amince cewa mutuwar ƙwaƙwalwa da ƙwararrun likitoci suka tabbatar mutuwa ce, kuma ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a 1987, ta halatta cire na'urar amma ta ce ba a yanke hukuncin cewa mutum ya rasu sai zuciya da numfashi sun tsaya. Sai dai abin da likitan ICU a Kebbi ko Zamfara zai fi fuskanta ba wannan ba ne. Zai fuskanci magidancin da ya sayar da shanunsa da amfanin gonarsa, ya zo a rana ta shida ya ce: "Likita, a ba mu shi mu tafi gida, mun bar wa Allah." Zai fuskanci gado ɗaya da mutum biyu, ɗaya dattijo mai shanyewar ɓarin jiki wanda 'ya'yansa ke da hali, ɗaya mai jegon da mijinta ba shi da kuɗin ajiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma ba doka ce ke sayo iskar oksijin a rana ta biyar ba. Wanda ya yi horo a gida ya ga yadda manyansa ke yin wannan magana da harshen mutanen, ya san da wa ake fara magana a cikin dangi da kuma lokacin da ake neman liman ya shigo.

A ganina, likitan da ya tabbata a Kebbi ko Zamfara zai yi rayuwar aikinsa ya shiga fannin sa barci a cibiyar da ke da cikakken izini da ICU mai aiki, ya nemi a ƙara masa watanni a sashen, ya roƙi zama na musamman a wurin masu wankin ƙoda da likitocin zuciya don ya toshe raunin hanyar, ya yi kundin bincikensa a kan majinyatan ICU, sannan ya nemi shekara ɗaya ko biyu a waje. Wanda ya riga ya yi nisa a medisin kada ya koma baya. Ya nemi watanni a ɗakin tiyata don hannunsa ya faɗa, ya kuma sa ƙarin horon waje a lissafinsa tun yanzu. Wanda kuma burinsa shi ne na'urori na ƙarshe da bincike mai zurfi, kuma iyalinsa sun yarda da zaman waje, Birtaniya ta fi masa, kuma gara ya tafi da wuri, domin shekarun da ya yi a horon gida ba lallai a lissafa masa su a can ba.

Ba kowa ne zai samu gurbin horo ba, kuma likitan da ke riƙe da babban asibiti a Argungu ko Ƙaura Namoda ba zai jira shekara shida kafin ya ceci mai jijjigar da ke gabansa ba. Ga irinsa akwai difloma a fannin sa barci, wadda ta fi gajarta nesa ba kusa ba, akwai kwas ɗin BASIC na kwana biyu kan tushen kulawa ta musamman da Jami'ar Sin ta Hon Kon ta tsara, akwai kuma EECC, tsarin muhimman ayyukan ceto mai mawuyacin hali da masana suka amince da shi a 2021, mai ɗauke da ayyuka 40 masu sauƙin kuɗi, irin su auna numfashi da bugun jini a kai a kai, da kwantar da wanda ya suma a gefensa, da ba da oksijin da ruwa a kan lokaci.

Wanda gwamnatin jiha za ta ɗauki nauyinsa zai sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kuma yawanci abin da ake dubawa a takardar shi ne yawan shekarun da kuɗin da za a biya in an saɓa. Ya kamata ya nemi a rubuta abu biyu a ciki: asibitin da za a kai shi in ya dawo, da alƙawarin tura ma'aikatan jinya aƙalla 'yan kaɗan su yi kwas ɗin kulawa ta musamman a lokacin da shi yake nasa horon. Ƙwararren da aka dawo da shi asibitin da babu bututun oksijin, babu wutar da za ta kwana, babu ma'aikacin jinyar da ya san ƙarar na'ura, cikin shekara biyu hannunsa zai yi sanyi, daga nan kuma ko dai ya koma aikin ɗakin tiyata zalla ko ya fara neman takardun Saudiyya.